Nazarin Lamari: Gyaran Ledar Ɗaki da Ta Ƙone, Ta Kuma Sha Ruwa, a Wani Gidan Haya a Yamai

Gidan da ledar: Disamba 2021

Gidan yana unguwar Bukoki a birnin Yamai. Gidan haya ne na bulo da siminti mai sassa huɗu a jere, kowane sashe ɗaki da falo, ƙofofinsu duka suna kallon gabas, suna kuma buɗewa cikin tsakar gida ɗaya. Ma'auratan da lamarin ya shafa suna sashe na ƙarshe, wanda yake dab da rariyar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita titi. Sun tare a watan Disamba na 2021, kuma ledar tana cikin kayan da iyayen amarya suka kawo ranar jere, bayan sun sayo ta a kasuwar Katako.

Falon yana da mita 4 daga ƙofa zuwa bangon yamma, da mita 3.5 daga kudu zuwa arewa. Ledar irin mai zuwa a naɗe ce, faɗinta mita 2, don haka aka yanka falle biyu masu tsawon mita 3.5, ɗaya a ɓangaren ƙofa, ɗaya a ɓangaren ƙurya, mahaɗarsu ta ratsa tsakiyar falon. An shimfiɗa irinta a ƙuryar ɗaki ma. Kaurinta ya kusa milimita 1.5, zanenta kuwa murabba'ai ne ruwan ƙasa masu santimita 20, da siririn baƙin layi a tsakaninsu. Ba a manne ta da daɓen gaba ɗaya ba, an shafa gam ne kawai a gefuna da kuma mahaɗar. Ragowar da ta saura an ba wata 'yar uwa ta shimfiɗa a kan tebur, ba a ajiye ko tafin hannu ba.

Irin wannan leda ana yin ta ne da robar PVC wadda aka gauraya da wani sinadari mai maiƙo domin ta yi laushi ta lanƙwasu. Hawa-hawa ce: a sama akwai fata garai-garai mai ɗaukar takun ƙafa, wadda a ledar gida ba ta kai rabin milimita ba, sai zanen a ƙarƙashinta, sai ɗan soso mai laushi, sai bayanta. Halaye biyu nata sun shiga cikin duk abin da ya biyo baya. Na ɗaya, ruwa ba ya ratsa ta daga sama, haka nan idan ya shiga ƙarƙashinta ba shi da hanyar fita. Na biyu, wannan maiƙon da ke cikinta yana fita a hankali ya shiga duk abin da ya daɗe a manne da ita, musamman lokacin zafi.

Ƙuna da dabarun gida: Janairu zuwa Maris 2023

Ledar ta yi shekara guda da ɗoriya ba ta da aibu. A cikin sanyin Janairu na 2023, uwargidan ta ajiye kaskon turaren wuta kusa da ƙofa, yaro mai rarrafe ya ture shi, garwashi ɗaya ya faɗa kan ledar a tazarar santimita 60 daga dokin ƙofa. Yaron bai ji ciwo ba. Kafin a ɗauke garwashin ya huda ledar har siminti ya bayyana, ya bar rami mai faɗin santimita 3 da baƙin da'ira mai ƙanƙancewa kewaye da shi, wadda ta kai santimita 6.

Abin da aka fara yi shi ne liƙa faffaɗan salatif a kan ramin. Ya yi mako biyu zuwa uku kafin gefunansa su fara ɗagowa, domin wurin hanyar shige da fice ne kuma ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. An sake liƙa wani a kan na farko. Da zafi ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu, gam ɗin salatif ya narke ya zama danƙo, ƙura ta manne masa, wurin ya yi baƙin murabba'i wanda ya fi ramin kansa muni.

A farkon Maris aka ja kujera a kan wurin, ƙafarta ta kama bakin ramin, ledar ta yage tsawon santimita 18 zuwa wajen ƙofa. Maigidan ya sayo ƙaramin gam ɗin nan mai kama abu nan take, wanda ake sayarwa a kowane tebur, ya ɗiga shi a tsagar ya haɗa bakunan. Bakunan sun kama, amma irin wannan gam yana bushewa ne ya yi tauri, leda kuwa tana lotsawa a duk takun ƙafa, saboda haka cikin kwana goma sabuwar tsaga ta buɗe a gefen tsohuwar, daidai inda taurin ya ƙare.

Daga nan aka haƙura da gyara, aka sayo ƙaramin kafet na bakin ƙofa mai baƙar roba a bayansa, mai kimanin santimita 60 da 40, aka rufe wurin. Ya ɓoye ɓarnar, amma da aka ɗaga shi bayan 'yan makonni sai aka tarar ledar da ke ƙarƙashinsa ta yi rawaya-rawaya daidai girmansa. An wanke da sabulu, an gwada ruwan jabel, wato bilic, tabon bai motsa ba. Ba dauɗa ba ce. Sinadaran da ake sa wa baƙar roba don kada ta tsufa da wuri ne ke shiga jikin ledar su canza launinta daga ciki, kuma wannan tabo ba ya fita da wanki.

Facin farko: Afrilu 2023

Azumi ya zo ƙarshe, ana sa ran baƙi da ƙaramar Sallah, sai maigidan ya kira wani mai shimfiɗa leda daga kasuwa. An ba shi shawarar a sauya fallen ɓangaren ƙofa gaba ɗaya, amma ba a sami irin zanen ba a shagunan da aka duba, uwargidan kuma ba ta yarda a cire ledar da mahaifiyarta ta saya mata ba alhali kashi mafi yawa nata lafiya lau yake. Sa karo, wato tayil, bai taso ba, tunda gidan na haya ne. Aka tsaya a kan faci.

Mai aikin ya zo da guntun leda mai kama da ta ɗakin, sai dai murabba'anta sun ɗan fi girma, launinta kuma ya fi duhu. Ya fara yanke wurin da ya lalace da ido, kimanin santimita 30 da 25, sa'an nan ya auna ramin ya yanka facin daban a kan gwiwarsa. Ya share simintin da tafin hannu, ya shafa gam ɗin nan rawaya mai ƙarfin wari, irin na masu gyaran takalmi, a simintin da bayan facin, ya jira ya sha iska, ya ɗora. Wannan gam yana kamawa ne da zarar fuskokin biyu sun taɓa juna, ba ya ba da damar a gyara zaman abu, don haka facin ya zauna yadda ya faɗa: a gefe biyu akwai giɓi na milimita 2 zuwa 3, a gefe ɗaya kuma ya hau kan tsohuwar ledar. Tabon rawaya ya rage kewaye da shi. Aikin bai kai awa ɗaya ba, an biya jaka 3 na kuɗin sefa, kuma an yi Sallah da shi ba tare da ya ɗago ba.

A watan Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 da rana, yashi ya cika giɓin, gefen da ya hau kan ledar kuma ya fara kama tsintsiya.

Damina: Yuni zuwa Satumba 2023

Bayan ruwan farko-farko na Yuni ba a ga wani sauyi ba. A tsakiyar Yuli uwargidan ta fara jin warin rima a falon da safe kafin a buɗe taga. A farkon Agusta kusurwa ɗaya ta facin ta ɗago, kuma idan aka taka kusa da ita ana jin ledar tana motsi da ɗan ƙaran ruwa. An ɗauka ruwan gugar ɗaki ne ke shiga ta giɓin, aka daina jiƙa wurin, amma warin bai ragu ba.

A ƙarshen Agusta facin ya fita gaba ɗaya da jan hannu ɗaya. Gam ɗin ya koma laushi, yana naɗewa a yatsa, bayan facin ya yi ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna, simintin da ke ƙasa ya yi duhu, kuma da aka kankare shi da bakin cokali sai ya riƙa fita gari-gari. A gefen ramin akwai farin gishiri-gishiri da ruwa ya fito da shi daga cikin simintin. Da aka ɗaga bakin ledar daga dokin ƙofa aka leƙa, laimar ta kai kusan mita guda zuwa cikin falon.

An yi ƙoƙarin busar da wurin da fanka, amma lokacin bai ba da dama ba. Tun farkon watan Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, a cikin takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wuta ta koma zuwa da ɗaukewa na sa'o'i masu yawa. Ko a ranakun da fankar ta samu ta yi aiki, wurin yakan yi haske da yamma, ya sake yin duhu bayan ruwa na gaba.

Neman inda ruwan ke fitowa: Satumba 2023

Wani maƙwabci ya haɗa su da wani dattijon mai aiki wanda ya daɗe yana shimfiɗa leda a ofisoshi da ɗakunan shan magani. Da ya zo bai taɓa ledar ba sai da ya gama kallon tsakar gida. Sa'an nan ya sa aka naɗe fallen ɓangaren ƙofa a jikin wani dogon bututun roba, naɗi ba ninki ba, domin ninki yana karya leda ya bar farin layi, aka jingine shi a ƙurya.

Ya nemi leda garai-garai irin wadda ake naɗe sabuwar katifa da ita, ya yanka guda uku masu santimita 45 kowane gefe, ya liƙa su a kan simintin da salatif ta gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba: ɗaya dab da ƙofa, ɗaya kusa da tsakiyar falo, ɗaya a gindin bangon yamma bayan an ɗaga kusurwar ɗaya fallen. Wannan sanannen gwaji ne a wurin masu shimfiɗa, kuma ƙa'idarsa a bar shi aƙalla awa 16. An bar shi kwana guda. Washegari ta bakin ƙofa ta tara ɗigon ruwa a cikinta, ta tsakiya ba ta da ɗigo amma simintin ƙarƙashinta ya ɗan yi duhu, ta bangon yamma kuwa a bushe take ƙayau. Da a ce laimar daga ƙarƙashin ƙasa take tasowa, da duka ukun sun nuna alama. Babu kuma bututun famfo da ya bi ta ƙarƙashin falon.

Ya kira magini suka auna da tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda magina ke daidaita tsayin gini da shi. Sakamakon ya nuna tsakar gida a bakin ƙofar ta fi daɓen falon tudu da santimita 4, dokin ƙofar kuma santimita 2 kawai ya ɗara tsakar gidan, ga tsaga a gindinsa daga wannan gefe zuwa wancan. Dalili ya fito da aka tambayi sauran 'yan haya: a watan Mayu mai gidan hayar ya sa an zuba jar ƙasa a tsakar gida don magance kududdufin da ke taruwa, ƙasar ta ɗaga wurin, ta kuma toshe rabin bakin rariya. Hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka ruwa yana dukan ƙofar kai tsaye, wanda ya sauka a tsakar gida kuma yana taruwa a gaban sashe na ƙarshe kafin ya samu ya fice. Yana bi ta tsagar dokin ƙofa ya shige ƙarƙashin ledar ba tare da ya taɓa hawa samanta ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganinsa.

Dattijon ya ce wa mijin: "Maigida, ko sabuwa dal ka shimfiɗa yau, baɗi war haka za ka sake kirana. A fara da ƙofa."

Ƙofa, rariya da daɓe: Oktoba zuwa Disamba 2023

An yi 'yar ja-in-ja da mai gidan hayar kafin a daidaita cewa ma'auratan za su biya kuɗin aikin gini, a cire rabinsa daga kuɗin haya. A mako na biyu na Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, magini ya fasa tsohon dokin ƙofa ya gina sabo wanda ya ɗara tsakar gida da santimita 10, aka rage ƙasan ƙyauren ƙarfen don ya buɗu. An yashe rariyar, an kuma kwashe jar ƙasar da ke gaban sashen aka yi mata gangare zuwa bakin rariya.

A cikin falo an ƙwanƙwasa daɓen da guduma ana saurare, duk inda ya yi amon holoƙo ko ya rugurguje aka fasa. Wurin ya kai tsawon mita 1 da faɗin santimita 80, zurfinsa santimita 3. Tsohon kwaɓin yashi ya yi masa yawa, abin da ake yawan samu a gidajen haya. An share, an jiƙa, an zuba sabon kwaɓi na awo ɗaya na siminti da awo uku na tankaɗaɗɗen yashi, an daidaita shi da tsohon daɓe da miƙaƙƙen katako, an kuma shafe fuskarsa sumul, domin leda mai wannan kauri takan nuna duk wani tudu ko ƙwayar tsakuwa da ke ƙarƙashinta bayan 'yan makonni. An riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 don ya yi ƙarfi kada ya tsage.

Daga nan sai jira, kuma wannan ne ya fi yi wa mutanen gidan wuya, domin sun zauna da rabin falo a buɗe, da tabarma a kan siminti. Fuskar sabon daɓen ta yi fari cikin kwana uku da daina yayyafin, amma ruwan da ke cikinsa yana fita ne a hankali, kuma lissafin da masu aikin ke bi shi ne kimanin kwana guda ga kowace milimita ta kauri. An maimaita gwajin ledar katifa a mako na uku, simintin ya yi duhu a ƙarƙashinta, aka ƙara haƙuri. A farkon Disamba, da iskar hunturu ta kankama, gwajin ya fito a bushe sau biyu a jere.

Faci na biyu: Disamba 2023 da Janairu 2024

An goge daɓen da samfefa, an share, an bi da busasshen tsumma. An wanke bayan fallen da ruwan jabel da aka sirka don kashe fumfunar, aka shanya shi a inuwa, sa'an nan aka mayar da shi wurinsa aka bar shi kwana guda ya miƙe.

Tunda babu ragowa, an samo abin faci daga ƙarƙashin gado a ƙuryar ɗaki, inda ido ba ya kaiwa. Kafin a yanka, dattijon ya zana kibiya a kan salatif ya liƙa a guntun don ya san fuskar da zanen ya dosa, saboda leda tana ɗaukar haske daban idan aka juya ta. Ya yanko santimita 90 da 70, aka cike gurbin da wata leda mai araha. Wurin da za a cire a falo an ƙayyade shi murabba'ai huɗu a tsaye da uku a kwance, wato santimita 80 da 60, domin ya haɗiye ramin facin farko da tabon rawaya duka, yankan kuma ya faɗa a kan baƙaƙen layukan zanen.

An yi aikin da hantsi, bayan sanyin safiya ya saki, domin leda takan yi tauri a sanyi. An rufe ƙofa da taga saboda ƙura. Ya zura kwali mai tauri a ƙarƙashin tsohuwar ledar don kada reza ta ci siminti. Ya ɗora guntun a kan wurin da ya lalace, ya riƙa gusa shi kaɗan-kaɗan har layukansa suka hau kan layukan ƙasa a dukkan gefuna huɗu, ya liƙe shi da salatif na takarda irin na masu fenti. Ya sa sabuwar reza a wuƙarsa, ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a tsakiyar baƙin layi, ya danne shi da gwiwa da hannun hagu, ya yanka ledar sama da ta ƙasa tare, wuƙar a tsaye cak ba ta karkata ba. Bai nemi ya ratsa su a ja ɗaya ba, ja uku ya yi a kowane gefe ba tare da ya ɗaga ƙarfen ba, ya kuma sauya reza bayan gefe biyu. Hikimar wannan yanka ita ce duk inda hannu ya ɗan kauce, ya kauce ne a ledoji biyun tare, don haka facin yana fitowa daidai da gurbinsa. Da aka cire ta ƙasa aka gwada shi ba gam, ya shiga har ba a iya zura farce a mahaɗar.

Gam ɗin da ya zo da shi na akirilik ne wanda aka yi musamman don ledar PVC, fari mai kauri kamar kindirmo, ana sirka shi da ruwa tun daga masana'anta, kuma warinsa kaɗan ne. Ya shafa shi a simintin kaɗai da farantin ƙarfe mai ƙananan haƙora, ya zura har santimita 10 a ƙarƙashin bakunan tsohuwar ledar ta kowane gefe. Ya jira kimanin minti 10 har ya fara danƙo a yatsa, yana duba shi akai-akai saboda busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta shi. Ya kwantar da bakunan tsohuwar ledar tukuna, sa'an nan ya sa facin daga gefe ɗaya yana shafawa, ya bi da kwalba yana murzawa daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita. Gam ɗin da ya ɓullo ta mahaɗa ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take. Aka ɗora faffaɗan katako, aka aza buhun shinkafa mai kilo 25 a kai har kwana guda.

Saura rufe mahaɗar. Ana yin wannan da wani ruwan sinadari mai zuwa a ƙaramin bututu mai bakin allura, wanda ke narkar da bakunan ledar biyu kaɗan su haɗe su zama abu ɗaya. Ba a same shi a Disamba ba, domin rufe iyakokin Benin da Najeriya ya sa kayan da ake shigowa da su sun yi wuya, sai a tsakiyar Janairu dattijon ya samo shi wurin wani abokin sana'arsa. Kafin nan ya roƙi matar gidan: "Uwargida, a yi mini haƙuri da tsumma da ruwa a nan wurin, tsintsiya kawai." Ranar da ya dawo ya liƙa salatif na takarda a kan mahaɗar, ya tsaga shi da reza daidai layin, ya zura bakin allurar yana ja a hankali yana matsawa, ya bar shi kimanin minti 10, ya ɓare salatif ɗin tare da abin da ya malala a kansa. An buɗe taga, an fitar da yaro, an kuma hana kunna wuta a ɗakin, domin sinadarin yana da ƙarfin wari kuma yana kama wuta. Haka aka yi wa mahaɗar tsakiyar falon. A bakin ƙofa an manne ledar da gam ɗin akirilik, an bar 'yar tazara ta milimita 3 tsakaninta da sabon dokin ƙofa don ta sami wurin miƙewa lokacin zafi.

Aikin gini da na leda da kayansu sun tashi jaka 31, mai gidan hayar ya ɗauki jaka 9 daga ciki.

Bayan gyara: Fabrairu zuwa Oktoba 2024

A watan Afrilu wani ƙaramin kumburi mai faɗin santimita 4 ya fito a kusurwar facin ta kudu, inda gam bai kama sosai ba. An ɗumama wurin da dutsen guga ta kan tsumma mai kauri, an huda a kan baƙin layi, an zura ɗan gam da sirinji, an danne shi kwana guda, bai sake tasowa ba.

Daminar 2024 tana cikin mafi ƙarfi da Nijar ta gani a shekarun nan, an yi ambaliya a jihohi da dama, har da kewayen Yamai. Sau da yawa ruwa ya taru a tsakar gidan a watan Agusta, amma bai kai saman dokin ƙofa ba, kuma yakan janye ta rariya cikin ɗan lokaci. A watan Oktoba an ɗaga kusurwar fallen kusa da ƙofa aka maimaita gwajin ledar katifa, ya fito a bushe. Facin yana nan daram, ana goge shi da ruwa kullum. Launinsa ya ɗan fi na kewayensa kyau saboda bai sha rana da taku ba, bambancin yana raguwa amma bai ɓace ba, kuma mai neman mahaɗar zai gan ta idan hasken safiya ya shigo ta ƙofa.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Facin farko yana da aibu uku a jikinsa: an yanka shi daban da gurbinsa, an ɗora shi a kan ƙura, an kuma yi amfani da gam ɗin da maiƙon leda ke sassauta shi, wanda laimar siminti mai kanwa-kanwa ta ƙarasa. Duk da haka ba waɗannan ne suka kashe shi cikin wata huɗu ba. Ko da dattijon ne ya yi shi da kayansa masu kyau a watan Afrilu, jar ƙasar da aka zuba a Mayu za ta turo ruwa ƙarƙashinsa a Yuli. A ganina aikin da ya fi kowanne nauyi a wannan lamari shi ne na magini, wato dokin ƙofa da rariya, sai kuma makonni bakwai da aka yi ana jiran siminti ya bushe. Gwanintar yanka ita ta sa facin ya yi kyan gani, kuma rufe mahaɗa shi ya ba da damar a ci gaba da goge wurin da ruwa, abin da ba makawa a bakin ƙofar da yara ke shige da fice.

Dabarun gida na farko su ne suka ƙara girman ɓarnar. Ramin Janairu murabba'i ɗaya na santimita 20 ya isa ya rufe shi, a lokacin da daɓen ke bushe kuma ba a buƙatar komai sai guntun leda iri ɗaya. Salatif ya bar bakin ramin a sake har kujera ta kama shi, gam mai tauri ya ƙara tsaga, kafet mai roba kuma ya jawo tabon da ya tilasta a cire murabba'ai 12. Da an ajiye ko rabin mita na ragowar ledar ranar jere, a naɗe a bayan kabad, da ba a taɓa ƙarƙashin gado ba.

Wannan hanya ta yi aiki ne saboda ruwan yana da mashiga ɗaya da aka iya toshewa. A gidajen da laima ke tasowa daga ƙasa ta ko'ina, kamar wasu na unguwannin bakin kogin Isa, wato kogin Neja, irin su Saga da Lamorde da ambaliyar 2020 ta shafa, gwajin ledar katifa zai nuna duhu a kowane wuri, kuma a can faci ba zai daɗe ba komai kyan yankansa, tunda ledar kanta ce ke tsare ruwan a ƙarƙashinta.

A gidan Bukoki abin da ba a daidaita ba har yanzu shi ne wanda zai riƙa yashe rariyar kafin kowace damina. Mai gidan hayar yana cewa aikin 'yan haya ne, sauran sassa ukun kuma ba su damu ba tunda ruwan ba ya taruwa a ƙofarsu, don haka a watan Mayu na 2024 mazauna sashe na ƙarshe ne suka biya aka yashe ta.